Labarin da Aka Ɗauka Doka Ce

Shekarun baya, ana gab da samun mulkin kai, aka tura ni daga Birnin Kebbi zuwa wani ƙauye kusa da Argungu in koyar da ajin yaƙi da jahilci. Ɗalibaina duk sun haife ni, wasu manoman shinkafa, wasu masunta. Nakan rubuta 'yan labarai in karanta musu bayan la'asar. Sai dai a labaran nawa kowa mutumin kirki ne, don haka kafin in kai tsakiya rabin aji na gyangyaɗi.

Da na leƙa gida sai na kai kukana wurin abokina, wani Kirista mutumin Jos da ke ba da magani a asibiti, mayen karatun littattafai. Ya ce, "Ka cika tausayi. Haɗa mutum biyu a kan abu ɗaya, kowa da gaskiyarsa. In ya yi zafi ka rufe littafi, ka ce sai wani mako."

Na dawo da ƙarfina. Na ƙago wani masunci da ya datse bakin ƙorama don tare kifi, ruwa ya koma ya ci shinkafar maƙwabcinsa. Wannan da iyali, wancan da iyali. Gyangyaɗi ya ƙare, har waɗanda ba 'yan aji ba suka fara zuwa. Ni kuma kai ya kumbura, kowane mako sai na ƙara rura wutar.

Ashe jita-jita na yawo cewa in Turawa sun tafi za a sake raba fadama. A wurin mutanen kuwa, duk abin da malamin En'e, wato ma'aikacin hukuma irina, ya karanta daga takardar boko, hukuma ce ke magana. Sun ɗauka sabuwar doka nake kawo musu a fakaice.

Ranar ƙarshen labari na tarar da masunta gefe guda, manoma gefe guda, ba mai gaida wani. Ga lauje a cinya, ga sandunan tuƙa jirgi a jingine. Mai masaukina ya tare ni, ya ce ƙasa-ƙasa, "Malam, ka san abin da kaka yi? Mutanen ga sun ce yau gwamna za shi raba gardama. Wanda duk anka kayas, ba shi tashi haka nan."

Na ɗaga murya na ce ai tatsuniya ce, ni na ƙaga ta. Wani dattijon masunci ya ce, "Tatsuniya bisa takarda? Karanta muna dai."

A shafin ƙarshe manomi ne ya ci nasara, ga shi masunta ne suka fi kusa da ni. Ina hango mahaifiyata ana kai mata labarina. Wallahi ban taɓa jin tsoro irin na ranar ba.

Sai na kafa wa takardar ido, na shiga karanta abin da babu shi a ciki. Na ce ashe akwai wani siririn malami baƙo, shi ke kai gulma nan ya kai can. Manomi da masunci suka gano shi, suka kama shi, ɗaya hannu ɗaya ƙafa, suka jefa shi gulbi. Sannan suka buɗe wa ruwan hanya tare.

Dattijon ya dube ni tun daga hula har takalmi, ni da babu wanda ya fi ni sirantaka a ƙauyen. Ya ce, "Hukuncin ga ya yi. Malam, ka iya iyo?"

Dariya ta ɓarke ta kowane gefe. Ni kam ban yi ba.

Na rubuta labarai da yawa bayan haka, kuma har gobe na yarda rikicin da ke riƙe mai karatu shi ne wanda kowa ke da gaskiyarsa. Amma na daina taɓa rikicin da mutane ke kwana da shi ba tare da na san yadda zan fitar da su ba. Har yau in na zo shafin ƙarshe tafin hannuna sai ya yi gumi. Iyo kuwa, kafin ruwan shekarar ya janye na koya.