Hannun Baba Direba

Shekara talatin da ɗaya Baba Direba ya yi yana jan motar ma'aikata, ba a taɓa samun kuskure a littafin motarsa ba: lokacin tashi, lokacin isa, kilomita nawa. A shekarar ƙarshe ne ya fara tsayawa a bakin hanya, ya zaga bayan mota wai zai duba taya. Kafin a kai ofis ya duba ta sau uku. Ma'aikata suka laƙaba masa Mai Taya. Manaja ya ce ko ya kawo takardar likita, ko ya ajiye makulli.

A asibiti aka miƙa masa takarda mai tambayoyi bakwai. Ya manta tabarau, sai 'yarsa ta karanta masa a kan benci, cikin jama'a.

"Baba, wai kana jin fitsarin bai gama fita ba?"

"Ke, rage murya. Sa babu."

"Yana matsa maka fa?"

"Babu. Ni yaron goye ne?"

Babu bakwai ta rubuta. Nas ta dubi takardar, ta dube shi, ta ɗauko kofin awo da farar takarda. "Baba, kwana uku. Abin da ka sha, abin da ya fita, da lokacinsa."

A gida matarsa ta ce, "Malam, rubuta rabi mana. Wa zai bi ka banɗaki?"

Ya so ya yi hakan. Amma da ya ja layi da rula ya ɗora biro, sai hannu ya ƙi, don bai taɓa sa lambar ƙarya a layi ba. Bakwai da minti goma, fitsari mililita sittin. Takwas saura kwata, hamsin. Ranar farko sau goma sha tara. Rana ta biyu ya ƙara wani layi da kansa, ya rubuta a samansa: jini.

Likita ya jera takardun biyu a tebur. "Wannan ta ce lafiyarka lau. Wannan kuwa ba ta ce haka ba. Wacce zan bi, Baba?"

"Bi mai lambobin, likita. Ita ce rubutuna."

Aka tura shi ɗaukar hoto da wasu gwaje-gwaje, aka hana shi tuƙi. Ran Litinin ya kai makulli ofis. Kafin ya miƙa littafin motar, ya dubi agogo, ya cike lokacin isa.