Takardun da Mma ta naɗe ƙosai da su

Shekarar da aka sami 'yancin kai na gama sakandare, sai Masta, malaminmu na kimiyya, ya ɗauke ni aiki. Wani abokinsa a ƙasar waje yana aiko masa da dogayen takardu, kowace da layi mai karkarwa, hasken tauraro ɗaya da na'ura ta zana. Masta ya ce akwai wata iska siririya tsakanin taurari, tana shan kaɗan daga hasken, sai layin ya ɗan lotsa a wuri guda. Amma karkarwar na'ura ta fi lotsawar girma. Aikina in auna tsayin layin da rula a kowace takarda, in tara, in raba. Karkarwa takan yi sama a wannan, ƙasa a waccan, har ta cinye kanta. Lotsawar gaskiya ce ke saura.

Wata uku ina abu ɗaya. Idona ya yi ja, wuyana ya ƙage. Wasu takardun kuma ba kyan gani, ni kuwa tun ina ƙarama aka koya mini tsince tsakuwa daga shinkafa. Wadda ta lotsa inda Masta ke fata sai in ajiye. Wadda ta yi tsalle a wurin sai in kai gida unguwar Sakasaka, mahaifiyata Mma ta naɗe ƙosai.

Ranar da lotsawar ta fito, Masta ya zauna ya rubuta wa abokinsa albishir. Kafin ya rufe ambulan ya ɗaga tulin takardun, ya ji ba nauyi.

"Ina sauran?"

"Masta, marasa kyau ne."

"Wa ya gaya miki?"

Na san aikin nan ya tafi. Da gudu na isa gida.

"Ke, yarinyar nan, ashe a cikin taurari nake zuba wa mutane ƙosai?" in ji Mma. "Shi ya sa ake rububi!" Ta zaro ragowar daga ƙarƙashin tire.

Muka sake aunawa, har da masu tabon mai. Lotsawar ta bi ta shafe, sai ɗan abin da ko Masta ya ƙi rantsuwa a kai. Ya yage wasiƙar. Bai yi faɗa ba, da ma ya yi.

Ya turo mini rula. "Daga farko. Ba a zaɓe."

Sati biyu ke nan. Ina nan ina aunawa, ba na tsince ko ɗaya.