Tukunyar da Ta Ƙi Mayarwa

Mu gidan maƙera ne. A ƙauyenmu, can gefen Lugu, in an ce gidan wuta ba mai tambayar wane gida ake nufi. Kakana ya yi ƙira, ubana ya yi, yayana Sani ya tashi a cikinta. Mu mata kuwa iyakarmu bakin rumfa. Ki kawo fura, ki aje, ki juya. Sau ɗaya na ɗauki awartaki don in ji nauyinsa, dukan da na sha ranar har yau ban yafe ba.

Mace ɗaya ce ke shiga rumfar ba a ce mata komai, ita ce Kaka Tsahara, uwar ubana. In rana ta faɗi maza sun tashi, sai ta shiga da kasko ta kwashe sauran garwashi ta kawo ƙofar ɗakinta. Lokacin ɗari, da mun suɗe kwanon tuwo, can muke taruwa, mu miƙa ƙafafu, hayaƙin kara na shiga mana ido. Tana da haƙori biyu a sama da murya kamar ta namiji. Ba ta fara tatsuniya yadda sauran tsofaffi ke farawa. Sai ta tsokani wuta da tsinke ta ce, "Ga baƙuwa tsaye bakin zana, wa za shi ba ta wuri?" Mu kuma mu ce, "Ta shigo, ga tabarma." In ba mu amsa da ƙarfi ba sai ta ce baƙuwa ta yi fushi ta wuce gidan maƙwabta, ta ja zanenta ta kwanta. Kuma da gaske take.

Tatsuniyoyinta da yawa sun ɓace mini. Guda ɗaya ce ta zauna, kuma ita ce wadda na fi ƙi.

Wai wata shekara Rana ta ji ƙishirwa, ta sauko ta zauna a bakin rijiyar wani gari, rijiya ɗaya tilo da suke da ita. Ba ta kori kowa ba. Amma duk wanda ya doshi wurin ya ɗaga kai, sai idonsa ya dahu. Randuna suka bushe. Mafarauta suka je da layunsu, aka jawo su gida da sanda. Sai Sarkin Maƙeran garin ya miƙe. Nan Kaka takan bugi ƙirji, ta kumbura murya: "Ni da wuta nono guda munka sha! Ku ba ni guga!" Ya tafi ido buɗe. Shi ma da sanda aka maido shi.

To, yana da ɗiya da ya rufe cikin rumbu saboda ta cika taɓa kayan ƙira. Da ƙishirwa ta kai ko'ina, uwar ta buɗe mata, wai in mutuwa ce ta mutu a sarari. Yarinya ta ji labari. Ta ɗauki tukunyar miya, ta huda ta da ƙaya, huji kamar ƙwayar gero, ta liƙa tantani a kai, ta shafe shi da baƙin tukunya. Ta kifa ta a kanta ta kama hanya tana lalube. Mutane na mutuwa da ƙishi, amma sai da suka sami yawun dariya. "Jama'a, ga miya na tahiya da ƙahwa!" Haka Kaka ke faɗa, mu yi ta birgima a ƙasa.

Da ta isa, ta cikin hujin nan Rana ba ta fi garwashi ɗaya ba. Ta durƙusa ta ce, "Sannu da hutawa, Inna." Rana ta ce, "Wane na wanga da ya gaishe ni bai yi kuka ba?" Ashe tun saukowarta ba wanda ya ce mata sannu, balle ya ja mata ruwa. Yarinya ta ja guga ta ba ta. Ta sha, ta yi gyatsa, ta koma sama. Gari ya sha ruwa. Da aka gama sha, uban, yana zaune da makantarsa, ya ce a mayar da ita rumbu. Aka mayar.

Nan nake tashi tsaye. "Ƙarya na, Kaka! Ba haka ta ƙare ba!"

"Zamna, ke mai bakin reza. Yadda anka ba ni ita haka ni ba ki."

"Ita ta ba su ruwa!"

"Ita ta ba su. Sunka sha, sunka rufe ta. Ke ba ki san mutane ba tukuna." Sai ta tona garwashi. "Amma washegari uwar ta nemi tukunyar miyarta ko'ina ba ta gani ba. Yarinya ta shiga da abarta."

"To mi za ta yi da tukunya cikin rumbu?"

"Ke za ki hwaɗa mini in kin girma. In kin iske na mutu, ki hwaɗa ma kushewata, ina ji." Daga nan ta kifa murfi a kan kasko. "Baƙuwa ta tashi. Ku kwashe ƙahwahunku."

Na girma, kuma na san rumbu daga ciki. An kai ni Kore Mairuwa. Mijina bai taɓa zagina ba, Allah ya jiƙansa, amma mutum ne mai kulle, kuma ɗan ci-rani. Da an gama girbi ya tafi, sai damina. Shekara goma sha huɗu ina tsakanin katanga huɗu. Na san kasuwar garin da kunne, ban san ta da ido ba. Akwai kafar da ruwan wanka ke fita a gindin katanga, wata rana na kama kaina a durƙushe ina kallon ƙafafun mutane ta nan, ni da 'ya'ya uku. Da ya rasu na gama takaba, aka kwaso mu zuwa Dogon Dutsi, gidan Yaya Sani. Can na shiga yaƙi da jahilci, ina da furfura a gaban goshi, ina koyon rubuta sunana. An yi mini dariya. Ban mutu ba.

Yaya ya daɗe da barin ƙira ya koma walda, wadda 'yan birni ke cewa sudur. Rumfarsa na kusa da tasha, yana yin ƙofofi da tagogi da gyaran amalanke, daga nan duk gidan ke ci. Bai taɓa rufe fuska ba. Baƙin tabarau na kasuwa yake sawa, irin na 'yan gayu, wani lokaci ma sai dai ya kau da kai ya runtse ido. In ya dawo idon na zubar da ruwa, yana cewa kamar an zuba masa yashi, matarsa ta ɗiga masa nono. In na yi magana ya ce, "Jininmu na. Wuta ba ta cin ɗan maƙera." Ni kuma in ce, "Wutar kakanka ta gawayi ta, wagga ta lantarki ba ta san sunan gidanmu ba." Ya ce in rufa masa baki.

Shekarun baya idon ya fara dushewa. Ƙofofi suka fara dawowa a karkace, masu su na faɗa. Bana ya kwaso injin waldar ya aje a zaure, ya rufe shi da buhu ya zauna gida. Wani mutum daga Sukukutane ya zo sau biyu yana tayawa. In injin nan ya fita, babu sauran abin da gidan ke tsaye a kai, kuma ni da 'ya'yana mu ne bakin da za a fara gajiya da shi. Shi ya sa da na ji cibiyar koyon sana'a na ɗaukar sababbi a walda, har da mata, na je na rubuta sunana da hannuna. Ban shawarci kowa ba.

Ranar farko Mushe, malaminmu, bai bari mun taɓa ƙarfe ba. Kayan kariya kawai ya yi mana. Ya ce a rubuta: abin rufe fuska mai baƙin gilashi da lamba a jikinsa, goma ko sha ɗaya, wanda ba lamba kar a saya. Safar hannu ta fata mai kaiwa tsintsiyar hannu ta wuce. Walki na fata. Takalmi rufaffe, wando ya sauka a kansa don kar tartsatsi ya faɗa ciki. Tufa ta auduga. Sai ya kalli hijabina, ya ƙyasta ashana, ya cinna wa wani ƙyalle irinsa. Ƙyallen ya narke ya dunƙule yana ɗiga kamar kwalta. Ya ce, "Madam, haka za shi manne miki a wuya." Ya ce ranar Litinin wanda bai zo da kayansa ba ya bar kujera, akwai masu jira.

Na roƙi Yaya walkin kakanmu da ke rataye a ɗakinsa. Ya ce walkin maza ne. Na je wurin dukawa suka yanka mini nawa. Sauran kuma na nufi shagon wani saurayi ɗan kasuwa, mai gemu da ɗangalallen wando.

"Inna, wa za a saya ma? Ɗanki?"

"Uwar ɗana."

Ya yi dariya ya ce Allah ya ba da sa'a. Yaron kirki ne. Da na faɗa masa zancen hijabi, ya ce matarsa na ɗinki, za ta yi mini gajere na auduga mai kauri, in cusa shi cikin wuyan riga. Safar hannu duk sun yi mini yawa, muka tona har muka sami ƙarama. Sai muka zo kan abin fuska. Iri uku ne. Akwai na riƙewa a hannu kamar faifai. Akwai mai batir da ke yin duhu da kansa, amma ya ce irin da ke shagonsa ba zai rantse a kansa ba. Akwai na sawa a ka, mai madauri, kamar rabin bokiti. Raina ya kwanta da na hannu, don iska na shiga. Amma Mushe ya riga ya ce sabon hannu na bukatar hannu biyu, kuma mai na hannu ba ya rasa leƙowa ta gefe.

Na gwada na sawa a ka. Duhu ya rufe ni ruf. Numfashina na dawo mini a fuska, warin roba, muryar yaron kamar daga bayan katanga. Wallahi ba shago na gani ba, ɗakin Kore Mairuwa na gani, da kafar nan ta ruwan wanka. Na fizge shi na jefar, na fita ko sallama babu. Kwana uku ban koma ba. Na ce wa kaina na yi shekara goma sha huɗu a rufe, ba zan sayi wani rufin in ɗaura a kaina ba. A kwana na ukun mutumin Sukukutane ya sake zuwa, na ji shi a zaure yana buga jikin injin da yatsa.

Da yammar nan ina wanke tukunyar miya, hannuna duk baƙi, tambayar da na yi wa tsohuwar ta faɗo mini. Mi za ta yi da tukunya cikin rumbu? Na daɗe a tsugune. Rumbu duhu, tukunya duhu. Shekara da shekaru ina jin haushin yarinyar, wai ta ƙara wa kanta duhu a kan duhu. Ban taɓa lura ba cewa rumbu ubanta ne ya rufe shi daga waje, tukunya kuwa ita ta huda, ita ta kifa, ita ke cirewa. Kuma da ita ta je inda maza suka kasa zuwa.

Washegari na koma shagon. Na ce ya nuna mini inda abin fuskar yake lanƙwasawa. Na sa, na sauke da hannuna, na ɗaga. Na sauke, na ɗaga. Na yi ya fi sau ashirin, zufa na bin bayana.

"Inna, za ki karya mini kaya."

"Gara ya karye nan da ya karye gaban wuta. Ina lambar?"

Ya nuna. Na karanta da kaina, goma sha ɗaya. Ranar Litinin na zauna a kujerata.

Bayan sati biyu na dawo gida da yamma na iske Yaya a tsakar gida. Ya ce in miƙo masa bokitin nan nawa. Ya shafa shi ciki da waje, ya taɓa gilashin da babban yatsa.

"In kin rufe, mi kika gani ciki?"

"Duhu. Sai ɗigon wuta guda, inda nike aiki."

"Ni ma shi nike gani yanzu," ya ce. "Sai dai nawa ba ya ɗagawa."

Ya miƙo mini abina. Da mutumin ya sake zuwa, na ji Yaya ya ce masa ya bari sai bayan girbi. Bai ce an fasa ba. Bai ce in cire buhun ba. Har yau ina gidan wani, ina cin tuwon wani, injin na rufe, ɗinkin ƙarfena kuma bai gama miƙewa ba. Ban fita rumbu ba, kuma ba zan yi wa kowa ƙaryar na fita ba.

Kaka Tsahara ta rasu ina cikin kulle, ko jana'izarta ban je ba. Ban san ko zan gane kushewarta ba. Amma ta ce tana ji, don haka ga amsarki, tsohuwa. Yarinyar ba ta san ranar da za a sake buɗe rumbu ba, ba ta kuma san ko za a buɗe ba. Ta dai san Rana za ta sake jin ƙishi. Tawa tukunyar na rataye a ƙusa bisa kan gadona, kuma ba mai karɓarta.