Haliru Mai Hawa da Akwatin Tungar Daso

A da, kullum da hantsi za ka tarar da Haliru Jabiru a bakin rijiyar Mandera yana ɗora wa jakinsa jarkoki. Ruwa yake kaiwa Tungar Daso, 'yar rugar nan da ke kan dutse, inda mota ba ta hawa, babur ma sai mai shi ya sauka ya tura. Kakannin mutanen tungar daga wajen Bodinga suka hau da shanunsu. Kasuwarsu da surukansu suna can har yau, amma ƙuri'arsu a ƙasar Shagari take. Da kyar da jibin goshi suka samu rumfar zaɓe tasu, kuma tun ranar jakin Haliru ne ke hawa da akwatin.

Zaɓen da ya wuce kuwa, wayyo, ba wanda hankalinsa ke kwance. An yi ta raɗe-raɗin an ga baƙi a kan babura a dajin bayan dutsen. Aka ce in akwati bai hau ba, za a sauko da rumfar Mandera, ka san kuwa tsofaffi da masu jego ba za su iya saukowa ba.

Matarsa Ummukulsum ta riƙe igiyar jakin gam.

"Malam, don Allah kak ka tai. Akwatin ga ya fi ranka?"

"In ban kai shi ba, Inna Zulai ba ta sake ganinai," in ji shi. Tsohuwar tungar yake nufi, wadda ke fara jefa ƙuri'a kowane zaɓe.

Haka ya kama hanya da Sumayya, malamar zaɓe. Shi kuwa kowace ruga sai ya tsaya gaisuwa: ina shanu, ina yara, ina gajiya, kamar ba rana ke yi ba. Ita ta ba ni labari, ta ce har kuka ya so ƙwace mata. Ashe gaisuwar ita ce tambayar hanya. Da suka iso wata ruga ya ga shanu a ɗaure, ba macen da ta fito da ƙwaryar nono, gaisuwar ma a taƙaice aka amsa, sai ya gane baƙin nan na kusa, ya juya jakin cikin kwazazzabo. Yana tafe yana waiwaye, Sumayya ta gani. Sai bayan azahar suka hau.

A gida Ummukulsum ko ruwa ba ta sha ba. La'asar ta wuce tana bakin ƙofa, duk wanda ya gifta sai ta tambaye shi. Da ta jiyo kukan jakin dab da magariba, zama ta yi a ƙasa daɓas.

Kai ne, Haliru, mai tsoro kamar kowa amma ka kama igiya. Mun gode, Allah Ya saka maka da alheri.

Yanzu gwiwoyinsa sun ƙi, ya ce ya daina hawa dutsen. Matasan Mandera, hanyar na nan, jakin ma na nan, Haliru a shirye yake ya nuna muku rugagen da ake gaidawa. Har yau ba wanda ya ce ga ni, ni kam abin na damuna. Makon jiya Inna Zulai ta aiko a tambaye shi: "To, wa ka kawo muna akwati?"