Turbon da Aka Tare Ƙofa da Shi

Ba na jin zan taɓa mantawa da ranar da Alhaji Hamidu ya je zaɓen turbo da idon dillalin shanu. Lokacin ina makanike na biyu a wani gareji a unguwar Farcha. Patron, wato mai garejin, shi ne Usta Jibrin, daga shi sai shef mai kula da makanikai, sannan ni. Shef ɗinmu yana gida yana jinyar ƙafa a watan, don haka duk aikin ƙananan motoci ya faɗo kaina.

Alhaji Hamidu abokin marigayi babana ne, a unguwar Mardjandafak suka tashi tare, kuma shi ya riƙe ragon sunana. Manyan motocinsa na ɗaukar shanu duk a wajenmu ake gyaransu, su ne rabin aikin garejin. Da girma ya kama shi sai ya sayi wata baƙar motar Jamus mai ƙofa biyu, irin wadda samari ke leƙa cikinta idan an ajiye. Ba ta da laifin komai, har ranar da amininsa Alhaji Adum ya wuce shi a hanyar Massaguet, ya sauke gilas ya ɗaga masa hannu, ya kuma kai labarin majalisarsu ta shayi.

Washegari ya shigo gareji ko gaisuwar kirki bai tsaya yi ba.

"Sale, ɗana, an ce akwai abin da ake sa wa mota ta yi fushi."

"Turbo ke nan, Baba Alhaji. Ai taka ma tana da shi, sai dai a sa wanda ya fi shi."

"To a sa. Kalas, magana ta ƙare."

Bayan ya fita patron ya ja ni gefe ya ce, "Ka ga mutumin nan? Duk abin da ya ce, ka ce to. In ya kwashe motocinsa daga nan, ka bi su, don ni ba ni da abin da zan yi da kai." Ban yi zaton wasa yake ba, kuma ga iyali a unguwar Atrone da rufin ɗaki da ban ƙarasa ba.

Bari in yi wa waɗanda ba sana'arsu ba bayani. Inji numfashi yake yi kamar mutum. Hayaƙin da yake fitarwa shi ke juya wata farfela a cikin turbo, ita kuma ta cusa masa iska, sai ya ƙone mai da yawa, ƙarfinsa ya ƙaru. Ƙaramin turbo yana farkawa da wuri, amma gudu na yin nisa sai ya gaji. Babba kuwa sai hayaƙi mai yawa ya taru kafin ya motsa, kafin nan motar ta fi yadda take a da nauyin jiki. Shi ya sa ake duba girman inji da irin hanyar da mai mota ke bi, sannan a zaɓa. Ba a ƙare a nan ba, sai an canja abin feshin mai, an ƙara girman na'urar sanyaya iska, an kuma sake saita kwamfutar motar.

Muka tafi shagon kayan mota tare. Na riga na yi waya, mai shago ya shimfiɗa buhu ya jera mana turbo biyu, ɗaya ya ɗara na motar kaɗan, ɗaya matsakaici. Matsakaicin nake so. Alhaji ya tsuguna, ya ɗaga na farko ya auna a hannu, ya taɓe baki. Ya ɗauki na biyu, ya zura yatsa ya juya farfelar, ya leƙa ciki yana duba fikafikanta ɗaya bayan ɗaya kamar haƙoran bijimi. Har shekarunsa ya tambaya. Sai ya miƙe, ya ƙi kallon abin da ke gabansa, ya fara zagaya shagon da ido. A kara, kasuwar shanu, ya koyi wannan, don ya san dillali ba ya fito da dabbar kirki gaba, can baya yake ɗaure ta.

Idonsa ya sauka a kan wani ƙaton turbo na babbar mota, wanda girmansa ya kai tukunyar tuwo. Da shi aka tare ƙofar shagon don kada iska ta rufe ta.

"Wancan fa?"

Mai shago ya yi dariya ya ce, "Haj, wannan na kamiyon ne, ba na motarka ba."

Alhaji ya kalle ni ya kashe ido ɗaya. Ni kuma na sunkuyar da kai, na yi ƙasa da murya yadda ake yi wa abokin uba magana, na ce, "Baba Alhaji, ina ganin kamar ya ɗan yi mata yawa."

Abin da ban sani ba shi ne, a sana'arsa duk wanda ya kushe dabba a hankali, to sonta yake yi. Kushewar da muka yi mu biyu ita ta tabbatar masa ya kama mu muna ɓoye masa na gaske. Ya sa aka ɗora shi a sikeli, ya ga nauyin, ya yi murmushi ya ce, "Zen, ya yi kyau. Wannan ya ci ya ƙoshi." Mai shago ya nemo bulo ya tare ƙofarsa.

Kwana tara muka yi muna yankan ƙarfe da walda kafin ya zauna. Murfin gaba ya ƙi rufuwa sai da muka buga masa ƙusumbi. Kullum in na kalli aikin, na san abin da zai faru. Sau biyu na je wajen patron, sau biyu ya ce, "Shi ya zaɓa ko kai?" Na nemi a bar ni in fita gwaji ni kaɗai, kamar yadda ƙa'ida take, Alhaji ya ce ba wanda zai riga shi hawa. Ashe har ya aika wa Alhaji Adum cewa su haɗu ranar Asabar da hantsi a bakin gari.

Ranar Alhaji ya sha farar jallabiya, ya naɗa kadamul, rawanin nan namu. Ni ina kujerar gefe. Motoci biyu suka jera a kan kwalta, 'yan majalisa kusan goma suna gefe a inuwa. Aka ɗaga hannu. Motar Alhaji Adum ta tafi. Tamu ta yi wani nishi, ta fara tafiya kamar ana tura ta. Alhaji ya take totur har ƙasa, ya kalli ƙafarsa, ya kalle ni. Wani ɗan kilando, mai babur ɗin haya, ya zo ta gefenmu da mace a baya rungume da kwandon kifi, ya rage gudu ya leƙo ya ce, "Haj, mai ne ya ƙare?" Ya wuce mu.

"Sale, ina fushin?"

"Yana zuwa, Baba Alhaji."

Ban rufe baki ba ya zo. Allurar inji ta haura, wani fito ya tashi daga gaba kamar jirgi zai ɗaga, kujera ta buge mu a baya. Kadamul ya warware ya fice ta taga. Muka wuce ɗan kilando, na ga matar ta saki baki. Alhaji ya ƙanƙame sitiyari yana salati da ƙarfi, ni ina amsa masa, kuma cikin ruɗewa bai ɗaga ƙafa ba. Can gaba sai ga garken shanu yana tsallaka titi. Na yi ihu, ya take birki, tiyon iska ya fice da ƙara kamar bindiga, muka tsaya. Tsakaninmu da wani jan bijimi mai dogayen ƙaho bai kai kamu biyu ba. Ya kalle mu yana tuƙa, ya wuce abinsa.

Alhaji Adum ya dawo a hankali, ya sauke gilas, ya miƙo kadamul ɗin da ya wuce mu ya tsinto a baya, sannan ya tambaya cikin ladabi ko muna da igiya ko ya kawo tasa.

Muka zauna a gindin wata darbejiya muna jiran motar ja. A raina na gama sallama da garejin, har ina tunanin abin da zan gaya wa matata. Alhaji ya gama naɗa rawaninsa, ya juyo ya kalle ni.

"Ka san haka za ta yi?"

"Na sani, Baba Alhaji."

"Me ya hana ka faɗa?"

"Ai na faɗa a shago."

"Wannan faɗa ne? Kamar mai neman aron gishiri? Ni in na ga mutum zai sayi saniya mai ciwon huhu, hannun rigarsa nake kamawa in rantse masa, ko da ya girme ni. Babanka ya taɓa zagina a gaban mutane kan wani raƙumi, kuma da gaskiyarsa. Kai ka bar ni na kusa kashe mu don kana jin kunyata."

Wallahi maganar ta fi mini zafi a kan ya sa a kore ni. Na ji kunyar gaske a lokacin, irin wadda ba ta da alaƙa da sunkuyar da kai.

Ranar Litinin ya zo gareji. Patron ya tarye shi yana ba da haƙuri, yana nuna ni da yatsa, yana cewa yau zan tattara kayana. Alhaji ya ce, "In ya tafi, motocina sun tafi. Shi kaɗai ne a nan aka riga aka yi wa karatu." Muka cire ƙaton muka sa matsakaicin, na fita gwaji sau uku ni kaɗai kafin na ba shi makulli. Motar ta zama abin so, tana amsawa tun daga shataletalen farko.

Abin da na koya shi ne, zaɓen turbo ba shi da wuya, lissafi ne da kowa zai iya koya. Mai wuyar shi ne ka kalli babban mutum ka ce masa a'a yadda zai ji. Kada ku ɗauka kuma in kun faɗa za a bi. Bayan wata biyu Alhaji ya dawo da hon ɗin kamiyon a buhu, ya ce a sa wa baƙar motar. Na kama hannun rigarsa, na ɗaga murya har masu walda suka tsaya, na rantse masa bai dace ba. Ya saurare ni har na gama, ya gyaɗa kai ya ce, "Madalla, ɗana, yanzu ka zama makanike. Ka faɗa, na ji, laifin nawa ne. Sa mini."