Zanen Ƙarshe na Tsohon Baturen Sikotlan

Shekarun baya, lokacin da soja suka koma bariki aka dawo mulkin farar hula, na ci zaɓen kansila a mazaɓarmu ta Dagumawa. Ban daɗe da haura talatin ba, kuma gaskiya kaina ya ɗan kumbura. Na ɗinka manyan riguna, na sayi baƙin tabarau, gaisuwa ma sai da ka nake amsa ta.

Ina da wani aboki, malamin sakandare mutumin Filato, da ke zaune a Sabon Gari. Shi ya ba ni labarin wani tsohon Bature da suke haɗuwa a coci. Ya ce mutumin Sikotlan ne, ya zo wajen 'yarsa da ke aiki da manoman rani na bakin kogi, kuma a ƙasarsu sana'arsa zana fuskokin manyan mutane da fenti. Ina jin "manyan mutane" na ce ai da ni ake. Na roƙi abokina ya yi mini hanya, don ina son abin da zan rataya a ofis.

Da na gaya wa mahaifiyata, sai ta ce ga mai hoto nan a bakin tasha, ƙyas ɗaya ya gama, ita ba ta ga abin da zai sa magidanci ya je ya zauna ana kallonsa kamar rago a kasuwar kara ba. Na ce mata wannan harka ce ta wayewa. Ta ce Allah ya ba da sa'a.

Tsohon dogo ne siriri, gashinsa fari fat. Turancinsa kuwa sai ka kasa kunne sosai, wani lokacin ma abokina ne ke maimaita mini. A barandar gidan 'yarsa muke zama da hantsi. Abu na farko da ya yi shi ne ya sa na cire tabarau, sannan ya kafa mini doka cewa ba zan leƙa zanen ba sai an gama.

Yana aiki yana hira. Ya ce ubansa masunci ne a wani ƙaramin gari na bakin teku, inda sanyi ke fasa hannu. Da gawayi ya fara zane a jikin akwatunan kifi, har wani malaminsu ya tsaya masa ya shiga makarantar koyon zane a birni. Ya sha wuya bayan ya gama, sai da wani alƙali ya ba shi aiki sannan ƙofa ta buɗe. Daga nan ya yi sama da shekara arba'in yana zana alƙalai da shugabannin jami'a da attajirai. Ya ce masu muƙami sun fi kowa wuyar zanawa, saboda da fuskar aro suke zuwa, dole ka jira su gaji tukuna tasu ta fito. Ina zaune na banƙare ƙirji cikin shuɗiyar babbar riga, ban ma gane da ni yake ba.

Bayan wasu makonni na lura yana kai fuskarsa dab da ƙyallen zanen, yana murza ido, yana daɗewa kafin ya ɗauki launi. Na ɗauka haka gwanaye ke yi.

Wata rana ya ajiye buroshi ya ce in zo in gani. Ɓangaren dama na fuskar, wanda ya fara yi, ni ne sak, har tabon da na samu a gira ina yaro. Amma na hagu, aikin 'yan kwanakin nan, ido ya zame ƙasa, baki ya karkace, rigar kuma ta koma wani launi kamar ruwan kududdufi. Ya tambaye ni me na gani. Ni kuma ɗan siyasa, na fara zuba yabo. Sai ya ɗaga hannu.

"'Yata ba za ta faɗa mini ba, tausayina take ji," in ji shi. "Kai ba ka san ni sosai ba, za ka iya."

Na dubi abokina, ya sunkuyar da kai. Sai na faɗa masa abin da ke nan, ban rage komai ba. Ya saurara har na gama, ya gyaɗa kai. Ya ce tun a gida likitoci suka gaya masa ganinsa na dusashewa daga tsakiyar ido, amma ya so ya gwada sau ɗaya a inda ba wanda ya san sunansa. Na ce zan ci gaba da zuwa, mu gyara a hankali. Ya ce a'a.

"Ban taɓa ba mutum fuskar da ba tasa ba."

Ya ɗauki wata 'yar wuƙa ya kankare ɓangaren hagu tas, ya bar abin da ya tabbata daidai ne. Ya wanke buroshinsa ɗaya bayan ɗaya, ba gaggawa, ya naɗe su a tsumma. Sannan ya sa aka kawo mana shayi, ya shiga tambayata yadda ake dashen shinkafa. Kafin damina ta ƙare ya koma ƙasarsu. Daga baya abokina ya ji cewa bai sake zane ba har ya rasu.

Ban rataya zanen a ofis ba, don ba kansilan da ke son a gan shi da rabin fuska. Yana ɗakina har yau. Na daɗe a siyasa bayan haka, na zauna da manya da ƙanana, kuma da wuya na ga wanda ya nemi a faɗa masa cewa lokacinsa ya wuce, balle ya gode wa wanda ya faɗa. Ni kaina da jam'iyya ta ba wani takara, sai da na yi shekara ina fushi.

Yanzu nawa idon ma ya fara rauni. Kwanaki na ce wa babbar 'yata, ranar da ta ga tuƙina ya fara karkata, ta gaya mini kai tsaye in ajiye makulli. Ta yi dariya ta ce to, Baba. Ban sani ba ko za ta iya.