Fim ɗin Filifin da na fassara wa matata

Akwai wata Asabar da na san ba za ta fita daga raina ba har in koma ga Mahaliccina. Lokacin muna zaune a Small Heath, a Birmingham, ina aiki a gidan kula da tsofaffi. Shekarun da gwamnati ke tsuke aljihu ne, an rage mana ma'aikata, kullum a gajiye nake dawowa.

Yawancin abokan aikina 'yan Filifin ne. Wata dattijuwa a cikinsu ta matsa mini in je Manchester, inda ƙungiyarsu za ta haska wani fim na ƙasarsu da ake ta surutu a kansa. Ta ce, "Ka zo da matarka. Ko dai babu ita ne, kake mana ƙarya?"

Akwai ta. Tun da na ɗauko ta daga Kano ba ta taɓa shiga bas ita kaɗai ba. Makullin gida ɗaya ne, yana aljihuna, fasfonta yana jakata. Da aka rufe ajin koyon Turanci na unguwarmu don babu kuɗi, har daɗi na ji. A lokacin kulawa nake kiran wannan.

Ranar Asabar ɗin na ɗauki matata muka tafi Manchester. Zauren ya cika da mata. Da yarensu ake magana a fim ɗin, ana rubuta Turanci a ƙasa, ni kuma ina raɗa wa matata Hausa a kunne. Labarin wani magidanci ne mai fara'a, kowa na yabonsa a unguwa, amma in zai fita sai ya datse ƙofa da kwaɗo, ya tafi da wayar matarsa. Bai taɓa dukanta ba, kuma wannan ne ya fi ba mutane tsoro. Mata suna ta yi wa allo ihu, wata har ta jefa takalmi.

Sai aka zo inda ya tsugunna gaban matarsa ya ce, "Ina za ki? Wa kika sani a garin nan in ba ni ba?" Na karanta, na tuna na sha faɗa wa tawa haka. Na raɗa mata, "Cewa ya yi yana tsoron kar wani abu ya same ta."

Ba ta ko juyo ba. Ta ce, "Maigida, huta da fassarar nan. Na san abin da ya ce."

Da matar fim ɗin ta fasa taga ta fice, sai tafi ya ɓarke. Bayan an kunna fitila gardama ta tashi. Wasu maza suka ce an zubar wa ƙasarsu mutunci a idon baƙi. Wata tsohuwa ta ce da matar fim ɗin ta yi haƙuri saboda aure, 'yan mata suka taso mata. Ni dai ina neman ƙofa.

A bas ɗin komawa, da muka kusa Birmingham, sai matata ta ce:

"Ana koyar da Turanci kyauta a masallacin mata, maƙwabciya ta faɗa mini ta katanga. Ranar Litinin zan fara."

"Wa zai kai ki?"

"Ƙafata. In kuma ba ka yarda ba, ka kira Yaya, ka saya mini tikitin gida. Ba faɗa nake yi ba, wallahi na gaji ne."

Na so in yi fushi, na rasa abin da zan kama. Ranar Lahadi na je kan titin Stratford aka yanka mini makulli na biyu. Ta karɓa, ba ta yi godiya ba, kuma ba ta da dalilin yi. Muna tare har yau, amma an daɗe kafin ta sake sakin jiki da ni.

Abin da na koya shi ne, duk maganar da mutum zai ji kunyar maimaita wa matarsa daga bakin wani, to tun farko bai kamata ta fito daga nasa bakin ba. Allah Ya yafe mini.